Ƙaya a Guntun Kara

Ranar da aka sace Jan Wuya ita ce rana ta ƙarshe da Mai Sawu ya bi sawun wani.

Jan Wuya karya ce ta farauta, siririya mai dogayen ƙafafu, ita ke jan gaban karnukan Gagarau, babban mafaraucin unguwar. Sun kwana a daji, suka dawo da asuba ɗauke da gadu a kan sanda. Gagarau ya ɗaure karnukansa huɗu a rumfar da ke gefen ƙofar gida, ya shiga ya zube a kan tabarma. Da hantsi ya fito ya tarar da uku.

Kafin a aika a kira Mai Sawu, unguwa ta riga ta gama bincike, ta yanke hukunci, zartarwa kawai ta rage. An ga sawun baro a ƙofar gidan, mai baro kuwa ɗaya ne a layin: mai gawayi, baƙon da ya zo bara da matarsa da ƙananan 'ya'ya, ya kama ɗaki a ƙarshen layi inda ruwan wanke-wanken kowa yake taruwa. Ba shi da dangi a nan, ba shi da wanda zai tsaya masa. Baƙo kuwa ko tuntuɓe aka yi da dutse, shi ya ajiye shi a hanya.

Mai Sawu tsoho ne, kuma ba ya ɓoye cewa mutane sun ishe shi. A da yana da karnuka da ake zuwa kallonsu daga nesa. Da matarsa ta rasu sai ya rabar da su, ya rufe ɗakinsu na bayan gida, ya koma cikin tsofaffin littattafansa, shi da gara suna rabon karatu. Ana kiransa ne kawai idan akuya ta ɓata ko an haura katanga, ya zo ya dubi ƙasa, ya faɗi abin da ta ce, ya koma.

Ya tarar da ƙofar gidan Gagarau cike da jama'a, kowa ya taka inda ya ga dama. Ya tsaya ya dubi ƙasar, ya ce da jakuna aka kawo suka yi tsere a wurin da sun fi bar masa abin dubawa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ja da baya.

Gagarau bai yi dariya ba. Idanunsa sun yi ja don rashin barci da fushi.

"Baba, ba sai ka wahalar da kanka ba, mun san wanda ya yi. Girmanka ne ya sa na ce a kira ka. Idan aka yi sallar magariba karyata ba ta dawo ba, zan rushe rumfar gawayin nan da hannuna, in watsa masa kayansa a titi. Ya koma inda ya fito."

"To, ka ba ni zuwa magaribar," in ji Mai Sawu. "Rushewa ba ta gudu. Gini ne ke da wuya, shi ya sa ba ka taɓa yi ba."

Ya leƙa rumfar daga tsaye. Karnukan ukun suna kwance kamar an zubar da su, ko kunne ba su ɗaga ba. Igiyar Jan Wuya ba yanke ta aka yi ba, kwance ta aka yi. Wannan kaɗai ya gani, don bai matsa kusa ba. Tun rasuwar matarsa bai ƙara taɓa kare ba, warinsu ma ba ya so ya shaƙa. Ya ce wa kansa duk abin da yake nema yana ƙasa, ya juya.

A bakin ƙofa Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙo masa kofin ruwa. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, tana auren ƙanen Gagarau, wani tela mai sanyin magana da ke da shago a jikin gidan. Ta tambaye shi ko ya karya kumallo, ya ce ya karya da hayaniya, ta ishe shi har dare. Ta karɓi kofin ba ta ɗaga ido ba. Bai ga komai a wannan ba. Tun tana ƙarama idan yana aiki ba ta kallonsa.

Sawun baron ya bar ƙofar gidan, ya bi ta gefen kwata, ya hau kwalta ya ɓace. Kafin ya ɓace ya faɗi abu biyu. Tayar ta nutse a ƙasa, wato da kaya a ciki. Mai turawar kuma ya riƙa kauce wa kowane rami da kowane dutse. Gawayi ba ya kukan rami.

Mai gawayi yana zaune a kan buhu, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. A cikin ɗaki matarsa ta riga ta fara ƙulle tukwane a tsohon zane, yaran suna kallonta. Da ya ga Mai Sawu, ya tashi ya ba shi buhun, shi ya tsuguna a ƙasa. Ya amsa cewa ya bi ta ƙofar gidan da asuba, kullum ta nan yake bi ya kai wa mai shayi gawayi. Mai Sawu ya dubi baron da ke jingine a bango. An wanke shi tas, har ƙarfensa yana ƙyalli.

"Na yi shekaru ina yawo a duniyar nan," in ji shi, "na ga an wanke gawa, na ga an wanke amarya. Ban taɓa ganin an wanke baron gawayi ba."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Matarsa ta leƙo ta roƙe shi, don girman Allah ya faɗi abin da ya sani, ba su da wurin zuwa da yaran nan. Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

"Baba, ban saci komai ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Mai Sawu ya juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta canja ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa. A hanya yana ta tauna maganar: mutumin ya ce bai sata ba, bai ce bai ɗauka ba. Wanda kuma ake shirin korarsa da iyalinsa ya ƙi buɗe baki, ko dai tsoron wani yake ji, ko kuwa wani ya ba shi amana.

Ya fara da tsoro. Mutum ɗaya ne a unguwar da zai iya tsoratar da baƙo kuma yake kwaɗayin Jan Wuya: Dogo, tsohon abokin hamayyar Gagarau, wanda ya sha faɗa a gaban mutane cewa karyar nan ta fi ƙarfin mai ita.

Ya same shi a ƙofar gida, ƙafarsa ɗaya a kan turmi, ta kumbura kamar kabewa. Dogo ya gan shi ya kwashe da dariya, ya ce tun safe yake jiran a zo a kama shi, har ya fara jin haushin an raina shi. Ya nuna ƙafar, ya ce kwana da kwanaki ko bayan gida da rarrafe yake zuwa, in Mai Sawu ya ga sawun rarrafe a ƙofar Gagarau to ya amsa laifinsa. Sannan ya ce a shiga a duba ko'ina, har ƙarƙashin gadon uwargidansa, amma kada a ce shi ya aike su.

Mai Sawu ya duba. Babu komai sai karnukan Dogo biyu masu ƙuma.

Da ya fito, Dogo ya daina wasa. Ya ce yaran da suka je farautar jiya sun ba shi labari. Gadun ya yage wa Jan Wuya kafaɗa, da ɗingishi ta iso gida, ga shi kuma tana da ciki. Duk da haka Gagarau ya rantse yau ma da ita za a fita, wai akwai wani gadun a kurmin nan, ba zai bari wani ya riga shi ba.

"Ba mugu ba ne," in ji Dogo. "Ya iya shiga daji, fita daga daji ce bai iya ba. Ya zo ya ɗaure su, ya tura musu ruwa da hanji, ya kwanta. A zamanin Uwar Karnuka wa ya isa?"

Haka unguwa take kiran matar Mai Sawu, da farko don tsokana, daga baya don girmamawa. Bai so jin sunan ba, amma Dogo ba mutumin da ake rufe wa baki ba ne. Ya shiga tuno yadda suke dawowa da asuba su tarar ta riga ta ɗumama ruwa ta zuba gishiri. Ba ta barin kare mai haki ya kusanci kwano. Kife kwanon take yi, ta jiƙa hannunta ta shafa musu harshe, sai numfashi ya kwanta ta ba su kaɗan-kaɗan. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta ɗauki dagi ɗaya bayan ɗaya, ta buɗa tsakanin yatsu, ta zare ƙaya, ta cire kaska a kunne, ta wanke, ta shafa mai. Maza suna tsaye da yunwa, ita ko a jikinta. Wanda ya yi ƙorafi ta ce masa shi a kan ƙafa biyu ya yi tafiyar, su a kan huɗu, sai ya jira layi ya zo kansa.

"Ƙafa kafin ciki," in ji Dogo. "Ka tuna? Ina tsaye ranar da ka miƙa wa yaron nan Gagarau igiyar Jan Wuya, tana kwikwiya. Ka ce masa wasiyyar mai ita ke nan, in ya karya ta, karyar ta dawo gidansu."

Mai Sawu ya ce yana tunawa, ba sai an karanta masa ba. Ya yi masa fatan sauƙi, ya tafi.

Bai nufi gida ba. Rana ta karkata, ya tsaya a inuwar wani bango, maganar matarsa tana dawo masa. Takan gama da karnukan ta wanke hannu, ta zo inda yake zaune yana cire takalmi, ta tsaya a kansa ta ce, kai da kake karanta sawun kowa, nawa me yake cewa? Kullum amsa ɗaya yake ba ta: yana cewa abinci ya makara. Ta jefe shi da tsumman hannunta, su yi dariya. Shekara da shekaru ana wannan wasan, ba wanda ya gaji.

A nan ya gane abin da ya yi da safe. Ya duba ƙasa, ya duba igiya, ya duba baro, ya bar shaidu uku a kwance a rumfa don kawai ba ya son taɓa su.

Bayan la'asar ya koma. Jama'a sun ragu, sun tafi tara ƙarfin magariba. Ya shiga rumfar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya tsuguna kusa da baƙin karen da ke bakin ƙofa. Warin ya buge shi kamar an buɗe tsohon akwati. Ya ɗaga dagin gaba.

A wanke yake. Babu taɓo a tsakanin yatsu, babu ƙarangiya ko ɗaya a gashin, fatar tana sheƙin mai. Ya ɗaga na biyu, ya koma kan ɗayan karen, ya duba kunnuwa. Duk haka. Karnukan da suka kwana suna tsere a cikin ƙaya, ƙafarsu ta fi ta mai gidan tsabta. A kusurwa kwanon ruwansu yana kife.

Wane irin ɓarawo ne zai zo sata, gari yana shirin wayewa, ya zauna ya wanke ƙafar karnukan da ba zai tafi da su ba?

Bai nemi amsar a ƙasa ba. Ya miƙe ya sa hannu a saman bango, inda jinka ta haɗu da ƙasa, ya lalaba. Yatsunsa suka taɓa guntun kara. Ya sauko da shi. Ƙayoyi ne a soke a jikinsa, a jere kamar allurai, manya a gefe guda, ƙanana a ɗaya gefen. Matarsa ba ta taɓa yar da ƙayar da ta cire a ƙasa ba. Takan ce wanda ya zare ƙaya ya jefar a tsakar gida ajiya ya yi wa gobe. A kara take soke su, ta ɗora a sama inda kare ba zai kai ba, in ta hura wuta ta jefa a ciki. Mutum ɗaya ne a duniya ya zauna a gefenta yana riƙe mata karan tun yana tatata.

Ya daɗe a tsaye da karan a hannu. Sannan ya yi wa kansa tambayar da ta rage: in kai ne Auta, ina za ka ɓoye karya mai rauni a unguwar da ubanka ke bin sawu? Amsar ta ba shi haushi, don tana da kyau. Sai inda ka san ba ya dubawa.

Ya bi kwalta, ya wuce kwanar gidansa, ya shiga lungun baya da ya yi shekaru bai taka ba. Ga sawun baron nan ya sauka daga kwalta, a fili, ko makaho ya bi shi da sanda. Sawun ya tsaya a ƙofar baya ta gidansa, wadda ba ta buƙatar mabuɗi ga wanda ya san ana ɗaga ta kaɗan kafin a tura. Duk wannan zirga-zirgar an yi ta ne yana ɗaki yana barci, bango ɗaya a tsakani.

An share ɗakin karnukan. Jan Wuya tana kwance a kan buhu, da kwanon ruwa kaɗan a gefenta. Ta ɗaga kai, ta shinshina iska, jelarta ta bugi ƙasa sau ɗaya, a hankali. Ya tsuguna ya duba kafaɗar. An aske gashin wurin, an wanke, an ɗinke. Ya matso da ita wajen haske ya ƙara dubawa. Ɗinkin ya yi daidai wa daida, tazarar kowane zare ɗaya da ɗan'uwansa, ƙarshensa an ƙulle an mayar ciki kamar bakin aljihu. Auta kuwa ko maɓalli ta ɗinka sai ya karkace, gadon uwarta ne. A karo na farko a ranar, Mai Sawu ya yi dariya, shi kaɗai, ba sauti.

Da rana ta yi ja ya sa aka tara su a ƙofar gidan Gagarau. Aka kawo mai gawayi a tsakiyar samari biyu. Dogo ya sa an ɗauko shi a kan keke, ya ce ko gawarsa ce sai ta halarci wannan zama. Tela ya fito daga shago da tef a wuya, ya rakuɓe a gefe. Matan gidan suna bayan ƙofa, ana jin motsinsu.

Mai Sawu ya fara da Dogo, ya ce ya so karyar amma ƙafarsa ta fi shi gaskiya. Sannan ya ce wa Gagarau ya shiga rumfa ya ɗaga ƙafar kare ɗaya, kowanne ya ga dama. Gagarau ya yi tsaki, amma ya shiga. Ya ɗaga, ya duba, ya ɗaga wata. Ya fito a hankali.

"Kai ka wanke su?"

"A'a."

"Yaushe rabonka da ka wanke su?"

Gagarau ya ce wannan ba ita ce maganar da ta tara mutane ba.

"Ita ce, yaro. Ba wata." Ya ɗaga guntun karan kowa ya gani. "Wannan daga ƙafar karnukanka ya fito, na dare ɗaya. Wanda ya ɗauke Jan Wuya sai da ya gama da 'yan'uwanta tukuna. Karyarka tana gidana, a ɗakin da aka haife ta. An ɗinke mata kafaɗa. In ta fita yau, da ita da abin da ke cikinta a daji za ka baro su."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ashe mai neman ne mai ɓoyon. Mai Sawu bai ko waiwaya ba. Ya san in ya yi shiru a nan za a bar laifin a kansa, kuma yana iya ɗauka. Tsoho ba shi da abin da za a rushe masa. Amma sawun baron yana nan, gobe wani zai tuna da shi, mai gawayi ya ci gaba da zama ɓarawon da aka rufa wa asiri. Ya buɗe baki zai ci gaba, sai murya ta fito daga bayan ƙofa.

"Ni ce, Yaya." Auta ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa, tana fuskantar Gagarau. "Na ji ka ce yau ma da ita za ka fita. Na san in na yi magana za a ce mace ta sa baki a sha'anin daji. Mai gawayi wucewa yake yi, na roƙe shi ya ɗauka mini, na sa ya yi mini alkawari. Ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra."

Gagarau ya juya yana neman ƙanensa, ya ce ya ji abin da matarsa ta yi masa a cikin gidansa, yana so ya ji me zai ce. Tela ya ciro tef ɗin daga wuyansa, ya naɗe shi a yatsa, ya warware.

"Yaya, ni na yi ɗinkin."

Dogo ya fashe da dariya har keken ya nemi faɗuwa, ya ce a tambaye shi ko ya sa mata aljihu. Dariyar ta bi jama'a, har samarin da ke riƙe da mai gawayi suka sake shi ba su sani ba.

"To ga ɓarayinka," in ji Mai Sawu. "In kora za ka yi, fara daga cikin gida, ka ga wanda zai rage ya ba ka ruwa. Wannan bawan Allah kuwa, yau ya yarda a watsar da 'ya'yansa a titi don kada ya ci amanar matar gidanku. Ku da aka haifa a layin nan, ban san nawa ne a cikinku za su iya ba. Na dai san ba zan cika hannu ɗaya ba in na ƙirga."

Ya juya ga Dogo ya ce ya maimaita abin da aka faɗa ranar da aka miƙa igiya. Dogo ya maimaita, kalma bayan kalma, wannan karon ba wasa a muryarsa.

Aka zuba wa Gagarau ido. Kowa yana jiran tsawa. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa.

"Za ta tashi, Baba?"

"In an bar ta."

"A bar ta a can. In ta haihu, a ba ni ɗaya."

"In ka koyi wanke ƙafa. Malamarka tana cikin gidanka, ba sai ka biya kuɗin mota ba."

Gagarau bai ba mai gawayi haƙuri da baki ba, irinsu ba su iya ba. Ya dai bi shi har ƙarshen layi, ya tarar da ƙullin tukwanen a bakin ƙofa, ya ɗauka ya mayar cikin ɗaki da kansa, ya fito bai dubi kowa ba. Unguwa ta watse, kowa yana cewa shi dama tun safe bai yarda da zargin ba.

Washegari da sassafe Auta ta zo gidan ubanta da ruwan ɗumi a buta. Ta tarar ya riga ta. Ya fito da kujerar uwarta daga inda ya jefa ta, yana zaune a kai, dagin Jan Wuya a tafin hannunsa, yana yi a karkace kamar mai koyon rubutu. Ta tsaya tana jiran faɗa. Ya ce mata ta manta karan ƙayoyinta a saman bango, da uwarta ce da ta ƙona shi. Ɓarawon da ya bar shaida ya ɓata sunan gidansu. Ta yi dariya, hawaye suna zubo mata, ta karɓi ƙafar ta gyara masa riƙon.

Bayan wannan an zo kiransa sau da yawa, akuya ta ɓata, an haura katanga. Ya ce su nemi wani. Mutumin da ya yini yana bin sawu ya ƙare a bayan ɗakinsa, in ji shi, ya kamata ya san ƙasa ta gama yi masa magana.

Da Auta ta tafi a wannan safiyar, ya zauna yana kallon tsakar gidan. Ta bar sawu a kan ƙasar da aka share, daga ƙofa zuwa ɗakin karnuka, daga can zuwa inda yake. Ƙafarta irin ta uwarta ce, ƙarama, babban yatsa ya ɗan ware. A kan wannan 'yar tazarar ya karanta sawun matarsa kowace safiya ta zamansu. In za ta wurin karnuka, takunta daidai yake, diddige ya zauna sosai, tafiyar mai aiki a gabanta. In ta gama ta juyo wajensa, sai takun ya buɗe, diddigen da ƙyar yake taɓa ƙasa. Ita ba ta sani ba. Ba wanda ya san abin da ƙafarsa ke faɗa.

Kullum yana cewa gobe in ta tambaya zai bar wasan ya gaya mata. Ta kwanta ciwo a damina, ruwa ya wanke tsakar gidan, ba ta ƙara takawa ba.

Jan Wuya ta ɗora haɓarta a kan ƙafarsa. Ya dubi ƙasar, ya faɗa a hankali, yadda ya saba faɗa wa masu cigiya abin da ya gani.

"Cewa yake kina sauri in kin nufo ni. Tun ranar farko na gani."